Kada a Kai Yallaɓai Gidan Gwaggo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifinki. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya ƙalau, ke da Kawunki da iyalinsa baki ɗaya. Allah ya ƙara buɗe miki kai a karatun nan na jinya, ya sa hannunki ya zama mai sauƙi ga marasa lafiya, ya raba ki da malami mai mugunta da jarrabawa mai kwana-kwana. Mu nan duk muna lafiya, sai godiya. Ƙafar Mamanki ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta, tun safe sai ƙararsa kake ji kamar an buɗe masana'anta a falo. Yayanki babba ya zo da matarsa makon jiya, jaririnsu ya fito da haƙora biyu, kuma a yatsana ya fara gwada su. Gareji yana nan yadda kika san shi, motoci suna lalacewa, muna gode wa Allah.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a aljihun kowa. Dalilin shi ne, duk ran da kika kira, kafin in gama amsa sallama Mamanki ta karɓe wayar, sai dai in zauna gefe ina jin ana ba da labarina kamar ba na raye. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta tun a aji huɗu muka rabu, kuma rabuwar arziki muka yi, malamin ya yi hamdala ni ma na yi. Inda kika ga baƙi-baƙi a gefe, ba wani sabon harafi ba ne, bakin mai ne.

To ga abin da ya sa na zauna. Ranar Talata Mamanki ta tsegunta miki cewa zomonki ya yi rashin lafiya a hannuna, ke kuma nan take kika yanke hukunci a waya cewa ƙarshen watan nan a ɗauke shi a kai gidan Gwaggonki. Ban ga laifinki ba. Amma ko a gaban alƙali ana barin wanda ake tuhuma ya buɗe baki, don haka wannan takarda ɗaukaka ƙara ce. Zan faɗa miki duk abin da ya faru ba tare da na rage ba, har da wanda Mamanki ba ta sani ba, sannan in roƙe ki ki bar mini shi.

Kin tuna ranar da za ki tafi, dama Gwaggon kika so ba wa, ni na bugi ƙirji na ce mutumin da ya raini 'ya'ya biyar ya kuma shekara arba'in yana ta da matattun injuna, ba zomo ne zai gagare shi ba. Kika zaunar da ni a tsakar gida kina ta bayani, ina ta gyaɗa kai. Yau zan gaya miki gaskiya: a lokacin hankalina yana kan giyar wata tsohuwar mota da ta ƙi shiga ribas. Abin da na tsinta a bayaninki duka bai wuce kada a ɗaga shi ta kunne ba, kuma kada a yi masa wanka. Wannan biyun na riƙe su gam. Buhun busasshiyar ciyawar da kika bari kuwa, na ɗauka katifarsa ce. Ke kina kiransa Auduga, ni tun makon farko na sa masa Yallaɓai, domin ba ya gaisuwa, ba ya aiki, shi ake fara ba wa abinci, kuma yana kallon mutum ta gefen ido irin na masu manyan motocin nan da ke zama a inuwa suna tambaya ko an kusa gamawa.

Wata biyu muka yi lafiya lau. Sai wata safiya na dawo daga masallaci, na zauna kan benci da kofin shayina ina kallonsa, sai na ga ya lanƙwasa kai ya tura ƙarƙashin cikinsa, ya ɗago yana tauna. Na ce ko idona ne. Na matsa kusa, ya sake. Auta, ki yafe mini kalmar, kashinsa yake ci, kai tsaye daga inda yake fitowa. Na ajiye kofin, shayin ya fita raina. Abin da ya zo mini shi ne yunwa ce ta kai bawan Allah ga wannan hali. A gidana, inda ko mai karanta mita bai taɓa fita bai sha ruwa ba, a ce amanar 'yata ta kai ga cin wannan abu. Na waiga ko wani ya gani, na rufe ƙofar gida, ko Mamanki ban gaya wa ba saboda kunya.

Ranar nan na ɗauki mataki irin na masu ilmin aji huɗu. Na dubi ciyawar da ke kejinsa, na ga ashe har katifar tasa yake ci don wahala, sai tausayi ya ƙara kama ni. Na kwashe ta tas, na ɗaura buhun a bayan babur na kai gareji, inda ta yi mana amfani ƙwarai wajen tsane bakin mai idan ya zube. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigata. Daga nan aka buɗe masa hidima: da safe burodi da aka tsoma a shayi mai madara, da rana ayaba guda sukutum da karas, da yamma biskit da ɗan abin da ya rage na shinkafa. Mai Faci maƙwabcina a gareji ya ce in ƙara masa gyaɗa, Mai Walda na gefensa ya ce rake yana sa ƙarfi, duk na karɓi shawara, domin a cikinmu ukun babu wanda ya taɓa riƙe zomo sai a faranti. Kuma kullum da safe sai in tsaya a kansa kamar mai gadi, da ya fara lanƙwasa kai sai in tafa hannu ya firgita ya fasa. A raina tarbiyya nake ba shi.

Shi kuwa Yallaɓai bai ƙi ba. Da ya ji ƙarar ledar biskit sai ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, hancin nan yana rawa. Ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku, na ɗauki hotonsa ina nuna wa masu kawo gyara. Mamanki ta ce ita dai ba haka ta ji kin faɗa ba, na ce mata ke jinyar mutane kike karanta ba ta zomaye ba. Ta ce to, ta ci gaba da ɗinkinta. Kin san irin wannan to ɗin nata, wanda ake ajiyewa don gaba.

Mako uku ana haka. Ranar wata Asabar na kai masa ayaba, ya kau da kai. Ya dunƙule a lungu, ido a lumshe, yana ɗan cizon haƙora, kunnuwan nan sun yi sanyi. Na duba kejin ban ga ko ƙwaya ɗaya ta kashi ba tun sharar jiya. A nan ne sana'ata ta fara yi mini amfani, domin ko ban san zomo ba na san duk abin da ke shan mai ta gaba kuma salansa, wato bututun hayaƙi, ba ta fitar da komai, yana gab da mutuwa. Na ɗauko doguwar sukundirebata wadda nake ɗora wa inji in kara kunne in ji motsin cikinsa, Mamanki ta ce idan ƙarfen nan ya taɓa shi a take za ta kira ki. Sai na durƙusa na kara kunnena a cikinsa kai tsaye. Shiru, ko ɗan ƙugi babu. Ban taɓa jin shirun da ya tsorata ni kamar wannan ba, kuma na ji na motoci masu tsada.

Muka sa shi a kwali, Mamanki ta sa mayafi ta hau bayan babur ta rungume kwalin, duk da ƙafarta, muka nufi asibitin dabbobi. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Yayarki ba, mai tabarau da fara'a. Ta tambaye ni me yake ci. Na fara lissafi da ƙarfin murya kamar mai karanta takardar yabo, ina kaiwa kan shayi mai madara ta cire tabarau, ina kaiwa kan rake ta zauna. Da na zo kan maganar tafa hannu, muryata ta koma kamar ta mai neman aron fartanya. Ta tambayi ina ciyawarsa, na ce tana gareji tana aiki.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta yi mini dariya a gaban Mamanki ba, sai da ta shiga ɗakin magani na jiyo ta. Da ta fito ta yi mini bayani a hankali. Ta ce zomo kashi iri biyu yake yi: akwai busasshen nan mai kama da ƙwallayen boris na tayar mota, wanda muke sharewa, akwai kuma wani mai laushi wanda dole ne ya mai da shi ciki, domin abincinsa sai ya bi hanya sau biyu kafin jiki ya samu amfaninsa. Wato abin da na gani ba yunwa ba ce, lafiya ce, ni ne na tsaya kullum ina hana shi shan maganinsa da tafi. Na ce mata a wajenmu motar da ke shan abin da ya fito daga salansarta sayar da ita ake yi, ta ce to wannan ƙirar ba ta kamfani ba ce. Ta ce busasshiyar ciyawa ita ce kusan duk abincinsa, ita ke sa hanjinsa juyawa ba tsayawa, ita ke kuma goge masa haƙora, don haƙoran zomo ba sa daina tsiro. Burodi da biskit kuwa kamar a zuba wa mota ruwan sukari ne a tanki. Wannan misalin ni na ba ta, ta ce daidai ne, har za ta riƙa amfani da shi.

Sannan ta ɗora abin sauraronta a cikinsa, na ce mata ai na riga na saurara, babu motsi. Ta dube ni ta ce gaskiyata, kuma da mun bari ya kwana a haka da wuya ya kai gobe, saurin kawo shi ne ya taimaka. Ina roƙon a rubuta wannan a takardun shari'a, domin na lura Mamanki ta tsallake shi a waya. Ta yi masa allurar rage ciwo, ta sa masa ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba mu wani gari da za a dama a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura. Ta ce in riƙa shafa masa ciki a hankali, in sa shi ya riƙa ɗan takawa, in cika gabansa da ciyawa, sannan mu jira abu guda: ya yi kashi. Idan ya yi, ya tsira.

Ciyawarki kuwa ta riga ta zama baƙa ƙirin, sai da na zagaya har bayan kasuwa wajen masu sayar da abincin dabbobi na samo sabuwa mai ƙamshi. Na rufe gareji kwana biyu, na bar motar wani mai kantin takalma a kan jak babu taya. Ya kira yana faɗa, na ce masa ɗan autan gidan ne ba lafiya, ciki ya ɗaure. Mutumin kirki, nan da nan ya sauko ya yi ta addu'a. Washegari da hantsi sai ga shi da ledar lemo ya zo dubiya. Ya same ni zaune a tabarma da tawul a cinya, na naɗe zomo kamar jariri ina lallashinsa ya buɗe baki. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ajiye lemon, ya fita. Har yau idan ya kawo gyara sai ya tambayi jikin yaron.

Ranar Lahadi bayan la'asar, na shimfiɗa farar takarda a lungun da yake zama don kada wani abu ya wuce ni. Ina zaune ina shafa masa ciki da yatsu biyu sai na ji ɗan ƙugi, irin na injin da ya daɗe a ajiye yana shirin kamawa. Ya zame daga hannuna, ya je ya ja tsinken ciyawa ɗaya, ya tauna kamar yana yi mini alfarma. Can da ya matsa, sai ga su a kan takarda: guda uku, ƙanana, a motse. Auta, ranar da aka haife ki na yi murna, kada ki ce na haɗa, amma ban tuna na yi gudu a tsakar gida ba. Na ɗauki takardar da hannu biyu na kai wa Mamanki kicin, ta kore ni da ludayi, amma na ga tana share ido da gefen zane, ta ce albasa ce. Na tura wa likita hoto, ta amsa da cewa barka. Kafin azahar ɗin Litinin har sai da aka sa tsintsiya.

Yanzu ki zo ki ga tsari. Kullum ana tara masa ciyawa tulin da ya kai girman jikinsa, kuma ba ta yankewa. Safe da yamma ɗanyen ganye cikin tafin hannu, wankakke, na karas ko latas mai duhun kore, kuma idan zan sauya masa wani sai in fara da kaɗan in ga yadda salansa za ta amsa. 'Yan ƙwayoyin abincin zomo na leda da ake sayarwa, murfin kwalba biyu kawai. Ayaba sau biyu a mako, yanki kamar farcen babban yatsana, yana karɓa yana harara ta don ya san da can guda yake samu. Ruwa a kwanon tangaran mai nauyi, saboda na roba kifar da shi yake yi don nishaɗi. Mai Walda, don wanke laifinsa na rake, ya ƙera masa fili mai faɗi a inuwar baranda da katako a ƙasa saboda tafin ƙafarsa. Da yamma ana sakinsa a falo, bayan na zura duk wayoyin wuta cikin tiyo, domin ya riga ya raba wayar keken Mamanki gida biyu, maganar da ba na so a tayar. Da safe kuma idan ya lanƙwasa kai, sai in juya fuska ina kallon bango har ya gama, kowa da sirrinsa.

Ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga aiki na zauna a tabarma na miƙe ƙafa. Ya zagaya falo a guje sau uku, ya yi wani tsalle ya murɗe a sama kamar an sa masa sabon filogi, sannan ya zo daidai ƙafata ya faɗi rigijib a gefe guda, ya miƙe ƙafafu, ido a rufe. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Na fara salati, na lalubo waya na kira likita. Wannan karon ba ta ɓoye dariyar ba. Ta ce zomo dabba ce da komai ke farauta, ba ya yin irin wannan kwanciya sai a inda ya tabbata babu abin da zai same shi. Na kashe wayar na zauna ban motsa ba har ƙafata ta mutu, shayina ya huce a kan tebur ina kallonsa. Mamanki ta ce in janye ƙafar mana, na ce ba a tashin manya daga barci.

Game da Gwaggonki, yayata ce, ita ta goye ni, ba zan faɗi aibinta a takarda ba. Zan dai tuna miki tana da kyanwa biyu da jikoki bakwai, kuma kowane jika ya ɗauka kunnen zomo mariƙi ne. Shekaranjiya ta zo ganin abin da za a kai mata, ta ɗaga shi ta jijjiga a hannu, ta ce ma sha Allah akwai nauyi. Ban ce tana da wata niyya ba. Irin kallon ne dai ban so ba, na san shi tun muna yara, da shi take kallon kaji.

Ga maganar da ba ta wasa ba, zan faɗe ta sau ɗaya in wuce don ba na iya irinta. Ku biyar ne a gidan nan, kuka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa mai kyau. Da kika tafi sai na riƙa daɗewa a gareji ina goge sifanun da ba su yi datti ba, don kada in dawo in tarar babu takalman kowa a bakin ƙofa sai namu. Yanzu biyar tana yi nake rufewa, Mai Faci yana yi mini tsiya wai amarya na yi, saboda na san akwai wanda ya san ƙarar babur ɗina kuma yana tsaye a bakin wayar kejinsa yana jira. Na san ayaba yake jira ba ni ba, amma ku ma kuna ƙanana ledar hannuna kuke fara kallo, ban taɓa jin haushi ba.

Zomo naki ne, hukunci naki ne. Na yi kuskure, na kusa kashe miki shi da karamci, kuma na koya a hanya mai wuya. Idan kika ce duk da haka a kai shi, ni da kaina zan kai shi da ciyawarsa da kwanonsa, ba zan yi musu ba. Sai dai ki sanar da Gwaggonki cewa kullum bayan asuba zan zo duba shara, da yamma in zo duba ganye, kuma ta san ba na zuwa gidan mutane in ƙi abin da aka ba ni. Ta auna ta gani ko za ta iya riƙe mu mu biyu.

Ki gaishe mini da Kawunki, ki ce masa ƙarar da na ji a motarsa ta waya ba ta gyara kanta, ya daina ƙara sautin rediyo. Ki gaida Antinki da godiya bisa ɗawainiyar da take yi da ke, da 'Yan Biyu, da Ƙaramar Hajiya mai rigima, da ƙawarki Doguwa da kuke karatu tare. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ta ce in rubuta cewa ita ba ruwanta a shari'ar nan, ko da yake jiya na kama ta tana ɗinka wa kejin labulen rana. Yayyenki duk suna gaisuwa, da Mai Faci da Mai Walda. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya da sakamako mai kyau.

Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Ni da Yallaɓai muna jiran amsarki. Shi dai bai fasa cin ciyawarsa ba, ni ne abinci ya fara rage shiga.

Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum,
Baban Gareji